Sunan da Gudiya Ba Ta Kira

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Jega ta gefen 'yan albasa ya san Gudiya, ko da bai san sunanta ba. Doguwar mace ce siririya, tana zama a kan buhun da ta ninka biyu, da kwanduna uku a gabanta: manyan albasa daban, matsakaita daban, ƙanana na miya daban. Ba ta ɗaga murya ta kira mai saye. Idan ka tsaya ta gaishe ka, idan ka wuce ta ce Allah ya kiyaye hanya.

A wata ruga kusa da Maiyama aka haife ta. Ta tashi da tallan nono, Fillanci a gida, Hausa a kasuwa. A wurin tallan ne Surajo, wani manomin albasa daga Danwarai, ya riƙa sayen nonon da cikinsa ba ya karɓa don dai ya sami dalilin tsayawa. Ta aure shi, ta bar ƙwarya ta kama kwando. Ta koyi dashe da ban ruwa, ta koyi yadda ake shanya albasa a inuwa har wuyanta ya bushe kafin a adana ta. Surajo ya rasu shekarun baya, ya bar mata 'ya'ya da gona da kyakkyawan suna.

Amma abin da aka fi sanin Gudiya da shi a Danwarai shi ne kunya. Ɗanta na fari Lauwali ne, kuma babu mahalukin da zai ce ya taɓa jin wannan suna a bakinta. Da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, kamar yadda aka saba, ya tashi yana kiran kakar Inna, yana kiran uwar da ta haife shi Adda. Idan tana son a kira shi sai ta ce wa ƙannensa, "Ku kira yayanku." Idan za ta ba shi abinci sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta ce da iska, "Ga tuwo nan, in akwai mai ci." Har wani mai sayar da barkono a Jega da ke da suna irin nasa, shekara da shekaru suna ciniki, "mai suna" take ce masa.

Da wannan hali ta zama ma'auni a garin. Idan za a kai amarya, ita ake kira ta yi mata faɗa. Idan wata ƙaramar uwa ta ɗauki ɗan farinta tana yi masa wasa a gaban surukai, da Gudiya ake yi mata misali. Ita kanta ba ta raga wa matan yanzu da ke ɗaukar hoton jariri suna nuna wa duniya. "Ke, ɗan hwari ne wanga," takan ce. "A goya shi baya, a kama baki." Mutum ɗaya ce ke iya tsokanarta a kan haka, wato Kaltume, taubashiyarta, wadda aure ya kawo Danwarai ita ma. Kaltume ta sha ɗana mata tarko, ta tambaye ta kwatsam, "Wa yaz zo ɗazu da babur?" Gudiya ta ce, "Wanda kig gani." Kaltume ta yi rantsuwa cewa ko ranar da za ta mutu ce sai ta ji sunan nan a bakin Gudiya.

Abin da Kaltume ba ta sani ba shi ne, an taɓa ji.

Shekara goma sha wani abu ke nan. Lauwali yana saurayi a lokacin, yana aikin lodin albasa a Aliero. Ya faɗo daga saman babbar mota, buhu ya biyo shi ya sauka a kan ƙafarsa ta dama. Aka kwashe shi zuwa gidan wani mai ɗori a cikin garin. Kakarsa ta riga ta tsufa, ba ta iya jinya, don haka Gudiya ta tattara tukunya da tabarma ta tare a can. Ba ta shiga ɗakin da yake kwance sai idan yana barci. A bakin ƙofa take wuni, tana dama kunu tana miƙawa a kai masa.

Wata safiya mai ɗorin ya kwance karan da ya ɗaure ƙafar da shi, ya daɗe yana duban kumburin. Daga baya ya gaya wa Surajo cewa idan launin bai sauya ba, sai dai a tafi asibiti. Gudiya ta ji, kuma a saninta wanda aka ɗauka daga gidan ɗori zuwa asibiti da irin wannan ƙafa ba ya dawowa da ita. Surajo ya fita neman shawarar 'yan uwa. Tana zaune ita kaɗai a bakin ƙofa sai ga mutanen gidan talabijin na jiha, suna haɗa shiri a kan masu ɗorin Aliero. Wata budurwa ta durƙusa a gabanta da abin magana, wani kuma ya saita na'ura.

"Baiwar Allah, wa kike jinya?"

Har yau Gudiya ba ta san abin da ya kwance mata baki ba. Ta ce ɗanta ne. Ta ce Lauwali ne, ɗan farinta, shi ta fara gani a duniya. Ta kira sunan, ta sake kira, ta ce tun yana ƙarami ba ya kuka idan ya faɗi, ta ce da za a karɓi ƙafarta a bar masa tasa da ta bayar. Ta yi kuka da hawaye a gaban baƙi maza. Sai da motarsu ta tashi hankalinta ya dawo jikinta, ta ji kamar an yaye mata zani a tsakiyar kasuwa.

Ƙafar ta warke. Launin ya sauya, mai ɗorin ya ci gaba da aikinsa, Lauwali ya tashi da ɗan ɗingishi da ba kowa ke lura da shi ba. Shi bai ji komai ba, zazzaɓi ya rufe shi a ranar. Aka ce an nuna shirin sau ɗaya. A lokacin gidajen da ke da talabijin a Danwarai ba su da yawa, wutar ma ba ta zama. Gudiya ta yi watanni tana sauraron bakin mata a rijiya da gidan suna, tana jiran ranar da Kaltume za ta shigo tana guɗa. Ba wanda ya ce uffan. Ta yanke a ranta cewa Allah ne ya rufa mata asiri, abin ya wuce tare da iskar da ta ɗauke shi.

Haka aka zauna har bana. Wata ranar kasuwa, bayan ta sayar da kayanta, ta biya gidan autarta Iklima da ke aure a Sabon Gari na Jega, don ta yi sallar azahar ta ci abinci. Da Iklima babu kunya tsakaninsu, har kwano ɗaya suke ci. Ta tarar da ita ta ƙura wa waya ido tana dariya.

"Inna, zo ki ga abin mamaki. Gidan talabijin sun kwaso tsohhin shirye-shiryensu dut sun ɗora a intanet. Ba sai ka jira lokaci ba, ba sai da wuta ba. Ka danna kawai ka kalla, ka maido baya ka sake kallo."

"To, Allah shi kyauta," in ji Gudiya tana wanke hannu.

"Maƙwabciyarmu ta ga babanta da yar rasu, shina magana kan taki kamar yau. Kwana tay yi tana kallo tana kuka. Kuma an ce har na masu ɗorin Aliero shina ciki. Ba lokacin da Yaya yak karye anka yi shi ba? Bari in nemo."

Lomar da Gudiya ta ɗauka ta tsaya a hannunta.

"Kar ki nemo."

"Don mi?"

"Kuɗin wayarki za su ƙare a banza."

"Yau kuma Inna ke tausayin data?" Iklima ta kwashe da dariya, amma da ta dubi fuskar uwar sai ta ajiye wayar. Gudiya ta tambaye ta wa ke iya ganin abin. Iklima ta ce kowa, daga nan har Makka. Ta tambaya yaushe za a daina nunawa. Iklima ta ce ai ba a dainawa, yana nan ko bayan ran mutum. Gudiya ta mayar da lomar cikin kwano, ta ɗauki mayafinta ta ce ta tuna wani saƙo.

Ta san gidan talabijin na da wakili a Jega, wani Munir, don ta sha ganinsa a kasuwa yana tambayar farashin hatsi. Ɗan kabu-kabu ya kai ta ƙofar ofishinsa. Ta same shi yana cin gyaɗa, ya miƙe ya ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa daga gefen ƙofa.

"Ɗan nan, shirin masu ɗori nike so a cire."

"A cire kuma, Inna? Ai shi mutane suka fi nema. Wani abu ne a ciki?"

"Akwai wata mata."

"Wace mata?"

"Wata dai."

"Ta yi zagi ne? Ko ta faɗi abin da ba gaskiya ba?"

"Gaskiya tah hwaɗi," in ji Gudiya. "Ita ce matsalar."

Munir ya sosa ƙeya. Ya yi mata bayani a hankali cewa ba shi ke ɗorawa ba, daga babban ofis ake yi, amma idan mutum ya ga abin da ya taɓa mutuncinsa yana iya kai kuka, kuma ana saurare. Sai dai dole a san minene, a kuma san a ina yake cikin shirin. Ya jawo wayarsa ya ce su kalla tare, ta nuna masa wurin.

Nan Gudiya ta ga ta shiga tsaka mai wuya. Don a ɓoye abin, sai ta zauna da namiji baƙo ta ji kanta tana kiran sunan, sannan ta ce masa ga shi nan. Ta miƙe tsaye.

"Bar shi. Allah shi yi maka albarka."

"Inna, ko sunan matar ki ba ni."

"Ba ta da suna," ta ce, ta fita.

Ta hau motar komawa Danwarai. Tana ta lissafa fuskoki: amaren da ta yi wa faɗa, ƙananan matan da ta kunyata a gaban mutane, surukarta, jikokinta. Kaltume kuwa ba za ta bar maganar ba har kabari. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan guda ɗaya. Yaya za ta sake ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce "in akwai mai ci", alhali mai cin ya ji ta tana kuka da sunansa? Da wane ido zai dube ta, da wane ido za ta dube shi? Shekara arba'in suna tafiya a kan tsari ɗaya da kowannensu ya san wurinsa, ga wata na'ura za ta rushe shi a yini guda.

Washegari da hantsi Iklima ta iso, don hankalinta bai kwanta da yadda uwar ta bar abinci ba. Ba ta gama gaisuwa ba sai ga sallamar Kaltume, da mata biyar ko shida a bayanta, har da amaren bara.

"Ina tauraruwar? Ina 'yar talabijin?" Kaltume ta shigo tana tafa hannu. "Ashe da 'yar fim muke zaune ba mu sani ba! Yara sun ce an gan ki cikin waya, kowa na turawa. Na ce kar wanda yan nuna min, sai a gabanki ni ka kallo. Iklima, kunna muna."

Gudiya tana tsince albasa a kan tabarma. Ta duba ƙofa, mata sun cike ta. Ta ce a ranta, to, yau ce. Ta gyara mayafi ta rufe rabin fuska, ta ci gaba da tsinta kamar ba da ita ake ba.

Aka jingina wayar a jikin turmi, mata suka yi da'ira. Ga garin Aliero na wancan lokacin, ga mai ɗorin da ya riga ya rasu yana shafa wa wani yaro hannu, mata suna ta "Allah shi jiƙan Malam". Sai ga bakin wata ƙofa, ga mace zaune.

"Ga ta nan! Wayyo, ji wuya kamar na zabuwa!"

Gudiya ta ɗaga ido ba da son ranta ba. Ta ga kanta da sauran ƙuruciya, idanu sun kumbura. A cinyarta akwai takalmi ƙafa ɗaya, na roba, wanda aka yanke daga ƙafar Lauwali ranar da ya faɗo. Tana ta goge shi da gefen zaninta. Ta manta sam cewa yana hannunta a ranar. Ta ji muryar budurwar nan: "Baiwar Allah, wa kike jinya?" Ta runtse ido, ta jira.

Sai ta ji sarewa. Wata siririyar sarewa irin ta makiyaya ta taso a hankali, muryar wani namiji mai natsuwa ta hau kanta: "Wannan baiwar Allah daga Danwarai ta zo jinyar wani na gidansu. Kamar sauran masu jinya, a bakin ƙofa take kwana, a nan take wuni." Ta buɗe ido. A cikin hoton bakinta yana motsi, hawaye na zuba, amma ba a jin ko kalma ɗaya. Sai can a ƙarshe sarewar ta lafa, muryarta ta fito sarai: "Allah shi ba shi lahiya, shi da dukkan musulmi." Hoton ya koma kan wani dattijo mai sanda.

"Shi ke nan?" in ji Kaltume. "Iklima, maido baya."

Aka maido. Sarewa, muryar namiji, addu'a.

Kaltume ta matso da fuskarta dab da wayar, ta ƙanƙance ido. "Tsaya. Mi bakinki ke hwaɗi nan? Wanga motsin baki ya yi tsawo."

"Salati nike," in ji Gudiya.

"Salati da lanƙwasa harshe haka?"

"Ke da ba ki yi, ina za ki san yadda a ka lanƙwasawa?"

Mata suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Wata tsohuwa ta juya ga amaren ta ce, "Kun gani ko? Ɗanta na kwance rai a hannun Allah, an sa mata na'ura a baki, amma ‘wani na gidansu’ kawai anka samu. Ku kuwa ko ciwon kai yay yi sai duniya ta ji." Gudiya ta ci gaba da tsintar albasa. Wani sanyi yana sauka daga wuyanta har tafin ƙafa, irin na wanda ya sauke kayan da ya manta yana ɗauke da su. Kaltume dai ta tafi tana waiwaye, tana cewa ita ba ta yarda ba, akwai magana a ƙarƙashin sarewar nan.

Bayan la'asar, gida ya yi shiru, sai ga ƙarar babur a waje. Lauwali ya yi sallama ya shigo da ɗan ɗingishinsa, yanzu magidanci ne mai furfura a gemu, dillalin albasa. Ya tsuguna daga nesa inda ya saba.

"Adda, ina wuni."

"Lahiya," ta ce tana duban kwando.

Ya ɗan yi wasa da makullin babur. Sannan ya juya ga ƙanwarsa.

"Iklima, na ga wani hoto yau. Tambayi Adda, takalmin nan na roba, ko ta san inda yay yi? Na daɗe ina cigiyarshi, ɗan uwanshi na wurina."

Iklima ta dubi uwar tana danne dariya. Gudiya ta jefa wata ruɓaɓɓiyar albasa gefe.

"Hwaɗa wa yayanki ni ba ni ajiyar tarkace."

"To," in ji Lauwali. Ya sunkuyar da kai, ya murza ido da bayan hannu kamar wani abu ya faɗa masa. "To, madalla. A gaya mata na gode."

"Mi anka yi na godiya? Ga fura can bakin ƙohwa, in akwai mai sha."

Ya ɗauki kwanon ya shanye tas, abin da bai cika yi ba, ya yi sallama ya fita. Gudiya ta bi ƙarar babur ɗin da kunne har ta ɓace. A cikin sauƙin da take ji akwai wani ɗan abu da ya tsaya mata a rai: sau ɗaya tak a rayuwarta ta faɗi abin da ke ranta game da shi, kuma ba zai taɓa ji ba. Ta auna wannan da wancan, ta ga haka ya fi. Ya ga takalmin, ya isa. Takalmin kuwa yana ƙasan akwatinta, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, inda yake tun ranar da suka baro gidan ɗori.

Da kasuwar Jega ta zagayo, ta zaɓi albasa manya masu busasshen wuya, waɗanda za su yi watanni ba su lalace ba, ta cika ƙaramin buhu ta kai ofishin Munir. Ya gan ta ya miƙe.

"Inna, kin dawo kan maganar cirewa?"

"A'a, a bar shi nan inda yake. Tambaya gare ni. Wa ke sa sarewa cikin shiri?"

Munir ya ce mai tace hoto ne, shi ke yanke wani wuri ya bar wani. Wanda ya yi aikin a wancan lokacin wani dattijo ne, ya yi ritaya, amma yana raye, kuma ya san gidansa.

"To, kai mishi wagga. Ka ce daga wata mata ta Danwarai."

"In ya ce ta mece ce fa?"

Gudiya ta gyara mayafinta, ta riga ta juya.

"Shi ya sani. Ka ce mishi an gaishe da wadda tar rene shi."